Ƙofar Ƙarfe a Ɗakin Mma Ayampoka

Duk wanda ya san Maamobi ya san Anti Sisiliya. Tela ce, shagonta na bakin titi kusa da inda motocin trotro ke tsayawa, kuma ita ce shugabar zumuntar mata a wata ƙaramar coci da ke cikin unguwar. Iyayenta daga wajen Bolga suka zo, amma ita a Zongo aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta kowa. Ba muguwa ba ce, wannan kam a ba ta gaskiyarta. Aibinta shi ne alherinta yana da lokaci, kamar mangwaro. Idan Kirsimeti ta matso, wadda mutanen Accra ke kira Buronya, sai ka rantse babu mai tausayi irinta a duniya. Ita ce tara shinkafa, ita ce zaɓen atamfar anko, ita ce nemo mai hoto. Amma da an shiga Janairu, ko mabuƙaci ya zube a ƙofar shagonta, sai ta ɗago kai ta ce, "Allah zai yi," ta ci gaba da taka kekenta. Ga ta kuma da son a ce ita ce ta yi.

A shekarar da abin ya faru, zumuntar mata ta yanke shawarar a kai wa mutum ɗaya kyautar gaba ɗaya maimakon a rarraba. Anti Sisiliya ce ta kawo sunan Mma Ayampoka. Tsohuwa ce 'yar cocinsu, mutuniyar Bolga, wadda a da take soya gyaɗa tana sayarwa a Nima. Mijinta mai gadi ne, ya rasu tuntuni. Ɗanta ɗaya tilo ya bi hamada neman arziki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Daga baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, hannun dama da ƙafar dama suka mutu, sai dai ta ja jiki daga tabarma zuwa bakin ƙofa. Ta daɗe ba ta zuwa sujada, kuma an daɗe ba a tambayi inda take ba.

Ɗakinta na can ƙarshen wani lungu a Nima, gab da babban gota, irin lungun da idan mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya manne da bango. Gidan haya ne, kuma duk mazaunansa Musulmi ne sai ita kaɗai. Ƙofar ɗakin tsohon katako ce da ta daina rufuwa tun mijinta na da rai, labule kawai ke kare ta. Adiza mai koko, kafin ta fita da tukunyarta da safe, sai ta ɗaga labulen ta ajiye kwano. Zuera, matar wani direba, ita ke kawo tuwo da yamma, ta fitar da fo, ta goge wa tsohuwa jiki. Mutala mai walda kuwa, in rana ta yi sanyi, sai ya ɗauko ta cak ya zaunar da ita a tsakar gida, yara na tsokanarta tana zaginsu da yaren garinsu. Babu wanda ya tsara wannan, babu kuma wanda ya taɓa kiransa taimako. Duk wannan Anti Sisiliya ba ta sani ba, ba ta kuma tambaya ba.

Ranar Buronya da la'asar sai ga matan zumunta sun cika lungu, duk cikin anko, suna waƙa. An ɗauko buhunan shinkafa a ka, ga galan na mai, ga tumatirin gwangwani, ga biskit da burodi da ruwan leda, ga sabuwar katifa. Mma Ayampoka ta yi ta kuka don murna, ta riƙe hannun Anti Sisiliya da hannunta mai rai tana cewa, "Ashe ba ku manta da ni ba." Ana cikin ɗaukar hoto idon Anti Sisiliya ya faɗa kan wani kwano a gefen tabarma, duk ya lotse, da sauran koko a ciki.

"Ei! Wannan ne abincin uwarmu?" ta faɗa da ƙarfi. "Ku kawar da shi, kada ya fito a hoto."

Sannan ta fito tsakar gida inda mutanen gidan suka taru suna kallo, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce, "Jama'a, mun gode da ɗan abin da kuka yi. Daga yau ku huta. Mma tana da mutanenta. Coci ta ɗauki nauyinta gaba ɗaya."

Adiza ta sunkuya ta ɗauki kwanonta daga inda aka turo shi da ƙafa. Ta ce, da Hausarta ta Zongo wadda ba ruwanta da raba mace da namiji, "Yoo, Anti, mun ji. Amma tsohuwa ya saba da koko da safe fa."

"Za ta saba da wanda ya fi koko," in ji Anti Sisiliya.

Da ta tsaya a nan ma da sauƙi. Amma da ta koma gida sai ta shiga tunanin kaya masu yawa haka a ɗakin da ba shi da ƙofa, a gidan da kowa ke shiga da fita. Kafin sabuwar shekara ta dawo da wani mai walda daga Alajo da ƙofar ƙarfe mai makulli. Ba ta ce kowa ɓarawo ne ba, amma babu wanda bai gane ba. Mutala na tsaye yana kallon wani yana aikinsa a cikin gidansu. Ya daure, ya daure, can dai ya ce, "Anti, ƙofar nan da nauyi paa. Hannu ɗaya gare ta, shi ma na hagu."

"Kai aka ba aikin?" ta tambaye shi.

Mutala ya juya ya koma ɗakinsa. Ita kuwa ta sa makulli ɗaya a zare ta rataya wa tsohuwa a wuya, ta jefa ɗaya a jakarta. Ta ce, "Mma, ki riƙa kullewa. Kayan nan naki ne ke kaɗai. Ni da kaina zan riƙa zuwa ina dafa miki." Da wasu daga cikin matan zumunta suka ce a raba ranakun zuwa, sai ta ce a bar mata, ita ta fara ita za ta ƙarasa. Gaskiyar maganar ita ce ba ta son sunan wata ya shiga labarin.

Janairu ta shigo da nata aikin. Makarantu za su buɗe, kayan makaranta suka taru a shago har ba wurin zama. Anti Sisiliya ta ce gobe za ta je. Gobe ta yi, aka kawo ɗinkin jana'iza na gaggawa. Ranar Lahadi, bayan waƙoƙi, Fasto ya dube ta daga bagadi ya ce, "Shugaba, yaya uwarmu ta Nima?" Duk coci ta juyo. Ga hotonta nan an manna a bango, tana rungume da tsohuwa, buhuna a bayansu. Bakinta ya riga ta.

"Tana samun sauƙi, Fasto. Ta ce a gaishe ku duka."

Aka ce "Amin!" da ƙarfi. Ta zauna tana cewa a ranta ai gobe za ta je, maganar ta zama gaskiya.

Ba ta je ba. Kuma daga ranar abin ya daina zama rashin lokaci, ya koma tsoro. Idan ta je yanzu, me za ta ce wa tsohuwa? Da wane ido za ta wuce Adiza a tsakar gida, bayan jawabin da ta yi? Idan kuma ta aiki wata, ai asirinta ya tonu. Wata 'yar zumunta ta ce za ta raka ta, Anti Sisiliya ta ce mata Mma ba ta son hayaniya kwanan nan. Wata ta ba ta ayaba ta kai, ta karɓa ta gode, ayabar ta nuna ta ruɓe a bayan keken ɗinki. Kowace Lahadi sai an tambaya, kowace Lahadi sai ta ƙara wata ƙarya a kan ta baya, har ta taɓa cewa tsohuwa ta yi ƙiba. Ta daina bin hanyar Nima in za ta kasuwa, ta gwammace ta zagaya. Makullin nan na cikin jakarta, duk sa'ad da ta sa hannu neman almakashi ko waya sai ta taɓo shi.

Tana lallashin kanta da cewa mai buhunan shinkafa a ɗaki ba ya mutuwa da yunwa. Amma ita mace ce mai girki. Ta san ɗanyar shinkafa ba abinci ba ce sai an hura gawayi, an ɗora tukunya, an sauke. Ta kuma san mai hannu ɗaya, wadda ba ta iya tsayuwa, ba za ta iya ko ɗaya daga ciki ba. Duk lokacin da wannan tunani ya zo mata sai ta ƙara wa keke gudu.

Sau ɗaya ta yi ta maza. Ta dafa shinkafa da miya, ta zuba a kula, ta kama hanya. Ta kai har bakin lungun. Sai ta hango Adiza a ƙofar gida tana wanke tukunyar koko. Nan take ta ja baya. Ta tsaya jikin bango kamar mai jiran wani, masu wucewa suna ture ta, sannan ta juya da kularta. Kunya ce ta mayar da ita, amma ba kunyar tsohuwa ba, kunyar idon mai koko. A hanya ta yanke shawarar ta bari sai Ista, ta zo da mata da waƙa da sabbin kaya, yadda babu mai samun bakin tambayarta ina ta shiga.

Ista na da sauran nisa wata safiya inuwa ta tare mata haske a ƙofar shago. Ta ɗago kai. Adiza ce, ko tukunyarta ba ta ɗauko ba, mayafinta a karkace.

"Anti, tun asuba nake tambayar shagonki. Yaushe rabonki da tsohuwa?"

Anti Sisiliya ta buɗe baki, ƙaryar da ta saba ta ƙi fitowa.

"Ki faɗa mini gaskiya, don Allah," in ji Adiza. "Kullum muka buga ƙofa, sai ya ce kun zo. Na kai koko, ya ce ya ƙoshi, 'yan coci sun kawo shayi. Zuera ya kai tuwo, ya ce kun zo muna kasuwa, kun dafa, kun tafi. Fo kawai yake buɗewa a karɓa, shi ma daga baya ya daina. Mu kuma muka ce kada mu matsa, kada a ce muna shiga tsakanin mutum da addininsa. Ke kika ce mu huta. Amma ni ban taɓa jin ƙamshin girki daga ɗakin nan ba, koraa, ko sau ɗaya. Shekaranjiya muryarsa ƙasa-ƙasa. Jiya mun buga, mun buga, shiru."

"Ta ce muna zuwa?" Anti Sisiliya ta tambaya.

"Kullum. To, kuna zuwa?"

Anti Sisiliya ta miƙe zumbur. Ta fizgi jakarta ta fita, ko shagon ba ta rufe ba.

Gudu take a lungunan Nima, ita da ko saurin tafiya ba ta yi don kada a ce shugaba ba ta da nutsuwa. Ta tsallake kwata, ta ture mai tallan dokunu, tuwon masarar nan na ganye, takalminta ɗaya ya tsinke ta bar shi. Ta samu mutanen gida cirko-cirko a gaban ƙofar. Suka buɗa mata hanya babu wanda ya gaishe ta. Ta ciro makulli ta zura. Ya ƙi shiga. Ta sake gwadawa, ya tsaya a rabi.

Mutala ya sunkuya ya leƙa ramin. Ya ce, "Nata na ciki. Ta zura, ta kasa murɗawa. Naki ba zai shiga ba."

"To ka yanke ta! Ba kai mai walda ba ne?"

"An ɗauke wuta tun jiya, Anti."

Ya ɗauko guduma da kurfi ya fara sarar bangon da ke riƙe da ƙarfen. Mai waldan Alajo ya yi aikinsa da kyau, wannan kam babu ƙarya. Siminti na faɗuwa kaɗan-kaɗan, rana na ƙara hawa. Jama'a suka cika tsakar gida, suka cika lungu har bakin gota. Anti Sisiliya na tsakiyarsu, ba gaba ba baya, ƙafa ɗaya ba takalmi, makullin banza a hannunta. Babu wanda ya zage ta. Da ma sun zage ta, da ta samu abin riƙewa. Ta manna baki a jikin ƙarfen tana kira, "Mma! Mma, ni ce Sisiliya! Na zo!" Ba ta jin komai sai ƙarar guduma. Ta yi ƙoƙarin yin addu'a, ita da ke jan addu'a a gaban mata har su gaji da tsayuwa, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Yesu, kada ka bari. Yesu, kada ka bari."

Da ƙofar ta saki, sai da maza uku suka kama ta suka jingine. Warin da ya fito ya sa na gaba suka ja baya. Adiza ce ta fara shiga, Anti Sisiliya na bin ta.

Buhunan na nan inda aka jera su ranar hoto. Galan ɗin mai ko buɗe shi ba a yi ba. Ledojin biskit da na ruwa sun watsu a ƙasa, duk babu komai a ciki. An yage kusurwar buhu ɗaya, da alama da haƙori, ga kofi a gefe da ɗanyar shinkafa a jiƙe cikin ɗan ruwa. Mma Ayampoka na kwance a siminti tsakanin sabuwar katifa da bakin ƙofa, ta zama ƙashi da fata, zaren makulli ya tsinke a wuyanta.

Adiza ta tallafo kanta, Zuera ta ɗiga mata ruwa a leɓe. Can sai idanun suka buɗe. Suka yi yawo a kan fuskoki har suka tsaya a kan Anti Sisiliya, wadda ta durƙusa tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Tsohuwa ta daɗe tana kallonta, sannan fuskarta ta ɗan saki.

"'Yata," ta ce, da ƙyar ake ji. "Buronya ta sake zagayowa ne?"

Ba gatse take yi ba. Da gaske take tambaya. Anti Sisiliya sai girgiza kai take. Tsohuwa ta juya ido wajen Adiza, ta ce, "Kin gani ko? Na ce miki mutanena suna zuwa."

Mutala ne ya ɗauke ta cak, kamar yadda ya saba, ya ratsa lungu da ita har bakin titi. An kai ta asibiti, an sa mata ruwa, amma jikin ya riga ya gaji. Ba ta kai ƙarshen makon ba.

Ranar jana'iza mutanen gidan suka zo, suka zauna a kujerun baya. Babu wanda ya kai wa coci labarin abin da aka gani a ɗakin. Tsohuwa ta rufa wa mutanenta asiri har da ranta, su kuma suka ga ba su ne za su tona ba. Don haka Fasto, wanda bai san komai ba, ya kira sunan Anti Sisiliya, ya ce ta miƙe a gan ta. Ya ce ita ce ta riƙe marigayiya har ƙarshe, ita ce ma ta same ta ranar da jikin ya tsananta, ya ce sauran mata su yi koyi da ita. Ta miƙe don ba ta da yadda za ta yi. Ta waiwaya baya tana neman idon Adiza, tana roƙo a ranta matar nan ta tashi ta ƙaryata, ta faɗi komai a gaban kowa, ko ta samu ta numfasa. Adiza ta dube ta sau ɗaya, ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da share hawaye da bakin mayafinta. Haka Anti Sisiliya ta tsaya a gaban akwatin gawar har Fasto ya gama yabonta.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Yunwa ba ta san Kirsimeti ba, ciwo bai san Ista ba, kuma Yesu da muke cewa muna bi bai taɓa duba kalanda ba kafin ya tsaya wa mai wahala. Kyautar biki abu ne mai kyau, amma mabuƙaci yana cin abinci ranar Talata ma, yana kuma buƙatar wanda zai ɗaga labule ya tambaye shi yadda ya kwana. Kafin ka ba mutum abu, ka tambaya me yake buƙata, ka kuma tambaya su wa ke riƙe da shi tun kafin ka zo, ko 'yan addininka ne ko ba su ba. Kada ka raina ɗan abin da suke yi, kada kuma ka sallame su da alkawarin da ba za ka cika ba. Idan ka yi sakaci, ka koma yau ɗin nan da kunyarka, domin kunya tana wucewa, amma wanda ke jiranka a bayan ƙofa ba lallai ya kai biki mai zuwa ba.